Wasa goma ba ya nuna wane inji ya fi wani

Jiya bayan isha muna zaune ƙofar gida nan Shara Mansur a Makka ana ta zuba shayi, sai ga ɗan yayata da laftof a hammata, wai Kawu maganar wane inji ya fi ta ƙare, ya haɗa Stockfish da Leela, injinan kwamfuta masu buga shaɗaranji wato chess, wasa goma, Stockfish ya ci shida sauran canjaras. Na ce a ina ka haɗa su? Ya ce a wannan laftof ɗin mana. Na karɓa na duba, wallahi ko katin girafik na kirki babu a ciki, ga shi ya yi zafi kamar kaskon tuya don a ɗakin da ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya bar shi.

Na ce yaro ai ka ɗaure wa Leela hannu ne ka tura ta dambe. Ita ƙarfinta a katin girafik yake, shi kuwa Stockfish da furosesa yake aiki, sannan kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu, wasan farko da na goma ma ba a yanayi ɗaya aka buga su ba.

Wannan rigimar ba sabuwa ba ce. A Disamban 2017, kamfanin DeepMind ya fitar da sakamakon karawar injinsa AlphaZero da Stockfish 8, wasa 100, AlphaZero ya ci 28, canjaras 72, ba a ci shi ko ɗaya ba. Duniya ta ɗauka, amma masu bin abin suka ce tsaya, minti ɗaya-ɗaya aka ba kowane motsi, Stockfish bai samu damar raba lokacinsa yadda ya saba ba, ga ma'ajiyar lissafinsa gigabait 1 kacal, ga ba littafin buɗe wasa. Sai a 2018 suka fito da na wasa 1000 da agogo na sosai, AlphaZero ya ci 155 aka ci shi 6, nan ne hankalina ya kwanta da sakamakon.

Abin da ya fi damuna a gwajin yaron nan shi ne ƙarancin wasa, sannan fari, wato wanda ke fara motsi, yana da ɗan rinjaye tun daga motsin farko, shi ya sa a gasar injina ta TCEC kowace buɗewa sau biyu ake buga ta, wannan ya riƙe fari, a juya wancan ma ya riƙe, kuma ko ka yi wasa 100 bambancin maki goma ko ashirin na Elo, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa, ba zai fito maka fili ba, sa'a ce kawai za ta yi ta wasa da kai. Masu gina Stockfish in sun canza ko layi ɗaya sai sun kai shi Fishtest, dandalinsu na gwaji, an buga wasanni dubbai kafin su yarda an samu ci gaba.

Da kaina na sauke masa Cute Chess, manhajar haɗa injina wasa, muka ajiye Leela gefe sai ya samu kwamfutar da ta dace da ita, muka haɗa tsohon Stockfish da sabo, lokaci ɗaya, ma'ajiya ɗaya, muka kashe musu tunani a lokacin abokin karawa, muka sa wasa 500. Laftof ɗin na nan falo ƙarƙashin mukayyif, na ce kar wanda ya taɓa shi sai bayan sallar asuba.