Abin da Aikin Tiyatar Kunne Ya Koya Mini a Kaduna

Duk wanda ya zaɓi zama likitan tiyatar kunne a Najeriya ya ɗauki doguwar hanya. Bayan shekara shida na karatun likitanci, da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, da ta yi wa ƙasa hidima, sai ya nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin kunne, hanci da maƙogwaro, ya ci jarrabawowin Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, kuma ba a ba shi shaidar kammalawa sai ya gabatar da kundin bincike na kansa. A Kaduna na bi wannan hanya, garin da gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a 1999, kuma a nan na gane cewa a cikin fannonin uku kunne ne ya fi kwanta mini a rai.

Kafin a bar mutum ya taɓa kunnen mai rai, sai ya daɗe yana koyo a kan ƙashin gefen kai na gawa, idonsa a madubin tiyata mai ƙara girman abu, hannunsa riƙe da ɗan injin da ke goge ƙashi a hankali yayin da ruwa ke zuba don kada wurin ya yi zafi. Dalilin wannan tsanani a fili yake. A cikin wannan ɗan ƙashin akwai ƙananan ƙasusuwa uku masu kai sauti ciki, na ƙarshensu bai kai ƙwayar shinkafa ba, tsawonsa kimanin milimita 3, kuma ta nan ne jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa, wadda idan aka yanke ta ɓarin fuskar mutum zai shanye, bakinsa ya karkace, idonsa ya ƙi rufuwa. Madubin tiyatar ma likitan kunne ne ya fara aiki da shi, wato Carl Olof Nylén na ƙasar Suwidin a 1921, sannan a shekarun 1950 Wullstein da Zöllner na Jamus suka tsara yadda ake gyaran dodon kunne.

Masu wannan sana'a sukan rarrabu. Wasu sun karkata ga jiri da hajijiya da kumburin jijiyar ji, wasu ga yara, wasu kuma ga dashen na'urar ji a cikin kunne, aikin da William House ya fara a Amurka a 1961, Graeme Clark ya bunƙasa shi a Ostareliya a 1978. Kusan duk matashin likita wannan dashe ne ke burge shi, ni ma haka na fara. Amma layin marasa lafiya da ke jirana kowace safiya shi ya zaɓa mini abin da zan bincika, domin mafi yawan abin da nake gani shi ne kunne mai zubar da mugunya shekara da shekaru, wanda aka ɗura wa manja ko ruwan albasa, aka sosa da tsinken ashana ko gashin kaza, aka yi ta sayen maganin ɗigawa a kemis har dodon kunne ya gama lalacewa.

Gyaran irin wannan kunne yana da daɗin yi: a yanko 'yar fata mai laushi daga kan naman da ke saman kunne, a shimfiɗa ta a ƙarƙashin hujin dodon kunnen, a tallafe ta har ta kama. Sai dai na fahimci cewa nasarar aikin tana hannun abin da zai faru a gida. Dole in zauna in yi wa mai jinya bayani dalla-dalla, cewa a toshe kunnen da auduga mai basilin lokacin wanka, kada a fyace majina da ƙarfi, kuma wajen alwala a tsaya ga shafar bayan kunne kada ruwa ya shiga. Idan aka bar wannan bayani, ɗinki mai kyau ma zai iya ruɓewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kurumtar da ke biyo bayan sanƙarau. Wani uba ya kawo mini ɗansa ya ce, "Likita, tun da yaron nan ya tashi daga ciwo, ko sunansa aka kira ba ya waiwayowa." Na tambaye shi, "Malam, yaushe aka sallame ku?" Ya ce an kusa shekara. Bayan sanƙarau, kunnen ciki yakan fara cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, kuma idan ya toshe, sanya na'urar dashe yakan yi wuya ƙwarai, ko da iyali sun iya haɗa kuɗinta, wanda ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu. Gwajin ji kafin sallama shi ne zai ceci irin wannan yaro, kuma ina ganin ya kamata ya zama doka a kowane ɗakin jinyar yara a Arewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, amma musabbabin namu na nan gida ne, kuma su nake nuna wa ƙananan likitoci idan sun zo neman maudu'in kundinsu. Akwai zazzaɓin Lassa, wanda ke kurumtar da kaso mai yawa na waɗanda suka warke daga gare shi. Akwai ƙyanda da hangum da sikila da shawarar jarirai. Akwai allurar jentamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta, da ake yi barkatai. Akwai kuma ƙarar injin niƙa da janareta da gudumar maƙeran Panteka, alhali ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, idan ana jin ta awa 8 kullum, tana cin ji a hankali. Wahalar irin wannan bincike ita ce bibiya, domin wanda ya zo daga Birnin Gwari ko Saminaka ba ya dawowa idan kunne ya bushe. Saboda haka nake karɓar lambar waya biyu daga kowane majinyaci, tasa da ta wani ɗan'uwansa, in kuma rubuta sakamakon gwajin jinsa kafin tiyata da bayanta a rajista guda.