Godiya daga mai kibod

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, wasanmu na ranar Asabar ya yiwu, an yi lafiya an watse lafiya. Tun daren nan saƙonni suke ta shigowa, na amsa wasu, wasu har yanzu ban kai kansu ba, shi ne na ce bari in haɗa godiyar wuri guda. Masu iya magana sun ce yaba kyauta tukuici. To ga nawa tukuicin, sai dai a yi mini haƙuri zai ɗan yi tsawo, don waɗanda suka tsaya mini suna da yawa, kuma galibinsu ba su hau dandamali ba balle a tafa musu.

Ga wanda bai san mu ba, mu ba ƙwararrun makaɗa ba ne. Kowannenmu yana da aikin da yake ci da iyalinsa, sha'awa ce kawai ta haɗa mu, sai an tashi daga aiki ko ƙarshen mako muke zaman rihazal. Waƙar kanmu ko ɗaya ba mu da ita. Tsofaffin waƙoƙin pop na Amurka da Turai muke maimaitawa, tun daga na shekarun 1960 har zuwa ƙarshen na 1980, ni kuma kibod ne a hannuna.

Sai na ɗan faɗi aikin mai kibod a irin wannan ƙungiya, in ba haka ba, ba za a gane girman abin da aka yi mini ba. Mai jita, jitarsa yake kaɗawa daga farkon wasa har ƙarshe. Mai ganga ma haka. Shi kuwa mai kibod, shi ne yake tsayawa a madadin duk wanda ba mu da shi. Waƙa tana da 'yan goge? Ni ne. Tana da masu busa? Ni ne. Ogan, fiyano, ƙararrawa, duk a wuyana suke. Ɗauki “Africa” ta ƙungiyar Toto, wadda ta fito a 1982. Su masu kibod biyu gare su, David Paich da Steve Porcaro, ga kuma sitidiyo inda za su naɗi sauti a kan sauti yadda suka ga dama. Ni yatsu goma ne da ni, sai dai in raba kibod gida biyu, hannun hagu yana wani sauti, na dama yana wani. Kuma masu zuwa jin tsofaffin waƙoƙi ba sabon abu suka zo nema ba. Sautin da suka sani tun suna samari da 'yan mata shi suke son ji. In ka kauce ko da kaɗan ne, ba sai sun san sunan na'urar ba, kunnensu zai gaya musu. Shi ya sa na daɗe ina tara sautukana a cikin kibod ɗina, kowace waƙa da gurbinta, in saurari faifai in gyara, in sake saurara in sake gyarawa.

Ana saura 'yan kwanaki wasa, na kunna shi ya ƙi tashi. Fitila ta yi walƙiya sau ɗaya ta ɗauke, shi ke nan. An riga an kama zaure, an gayyaci jama'a.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga mai gyara take. Malam, ka buɗe shi a gabana, ka auna, ka dube ni ka ce allon ciki ne ya ƙone, sai an yi odar wani, kuma ko nawa zan biya ba zai iso kafin Asabar ba. Wani da cewa zai yi in dawo gobe, in gobe ta yi ya ce jibi, har ranar wasa ta riske ni ina zaman jiran gawon shanu. Gaskiyar da ka faɗa mini da wuri ita ta ba ni damar neman mafita. Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Sai Baba. Mai jitar bes ɗinmu ne ya kai masa labari, don abokin mahaifinsa ne, shi kuma ya aiko a kira ni. Ashe Baba ya yi kiɗa a zamanin ƙuruciyarsa, ba mu taɓa sani ba. Ya sa jikansa ya jawo wani dogon akwati daga ƙarƙashin gado, aka kakkaɓe ƙura, aka buɗe, sai ga kibod, Yamaha DX7 na asali. Duk wanda ya san kiɗan shekarun 1980 ya san abin da idona ya gani. A 1983 ya shigo kasuwa, madannai 61 gare shi, kuma hanyar da yake haɗa sauti, wadda ake ce wa FM, wani malamin jami'ar Stanford mai suna John Chowning ne ya gano ta a ƙarshen shekarun 1960, daga baya Yamaha suka karɓi lasisinta. Tsara sabon sauti a cikinsa jan aiki ne, don ba shi da abin murɗawa, sai shafaffun maɓallai da ɗan abin ja, kana kallon lambobi a wani ƙaramin gilashi. Yawancin makaɗa haƙura suka yi suka riƙa amfani da sautukan da ya zo da su, abin da ya sa waƙoƙin zamanin da yawa suke kama da juna a kunne ke nan. Wannan fiyanon lantarki mai ƙara tsaf da ake ji a waƙoƙin soyayya masu sanyi na lokacin, daga cikinsa ya fito. Shekara da shekaru kwaikwayonsa nake yi a nawa kibod.

Da muka kunna, haruffan banza ne suka cika gilashin. Hankalina ya tashi, Baba ya yi dariya ya ce batir ne. Akwai ɗan batir a ciki mai riƙe sautuka 32 da ke ma'adanarsa, in ya mutu sai su goge. Muka sake komawa wurin mai gyara, ya narka dalma ya cire tsohon ya sa sabo. Baba ya lalubo katirij ɗinsa na asali, wato ɗan ma'adanin sautuka da ake zura masa, a aljihun akwatin, muka zura, ya ce, “Yaro, danna lamba 11.” Na danna, na aza hannu, ko layi ɗaya ban gama ba ya ture ni gefe ya zauna. Yatsun da ya ce sun manta komai suka kama aiki, jikansa yana tsaye baki buɗe, don bai taɓa ganin kakansa a gaban kibod ba.

Baba, ban san bakin da zan gode maka da shi ba. Sharaɗi ɗaya ka gindaya mini, kada in bari kowa ya ɗora kwalbar ruwa a kansa, na kuma kiyaye. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya. Kai ma jikan Baba, ɗana, na gode. Sautukan da ba su cikin katirij kai ka nemo su, ka haɗa kibod ɗin da kwamfutarka da wayar MIDI mai ƙafa biyar ka loda su cikin dare. A 1983 ɗin nan dai kamfanonin kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI don na'urorinsu su riƙa jin maganar juna, ga shi bayan shekara 40 da ɗoriya kibod ɗin kakanka ya yi hira da kwamfutar da ka saya kwanan nan ba tare da gardama ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Amma DX7 ba komai yake iyawa ba. Ba ya ba da fiyano na gaske, ogan ɗinsa kuma ba zai ruɗi kowa ba. A nan ne ɗan uwana mai kibod na wata ƙungiya ya shigo, wanda mutane suke ɗauka kishi muke da juna saboda waƙoƙi iri ɗaya muke yi. Ban roƙe shi ba, ji ya yi ya bugo waya. Ya ɗauko nasa mai madannai 88 a motarsa, ya kawo da kansa, ya kama muka kafa, ya kuma nuna mini inda ya ajiye sautin ogan ɗinsa, abin da ba kowane mai kibod yake yarda ya nuna wa wani ba. Aboki, Allah ya bar zumunci.

Ba don kai ba da “A Whiter Shade of Pale” ba ta yiwu ba, kuma ita ce waƙar da nake ji da ita a duk jerin. Procol Harum suka fitar da ita a 1967, ogan na Hammond shi ne ranta. Shi wannan ogan, wanda Laurens Hammond ya fito da shi a 1935, rabin daɗinsa daga lasifikar Leslie yake zuwa, mai ƙaho da ke juyawa a ciki. Daɗin ma ba a juyawar kanta yake ba, a ɗan lokacin nan yake da take tashi daga tafiyar sannu zuwa ta sauri, sautin ya riƙa buɗewa a hankali. Wanda ya kaɗa ogan a faifan, Matthew Fisher, ba a sa sunansa cikin mawallafan waƙar ba. Sai da ya je kotu a Ingila, a 2006 aka yanke cewa kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan nasa ne, a 2009 kuma Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta tabbatar masa. Duk ranar da mai jitarmu ya kira ni ɗan cike gurbi, wannan shari'a nake kawo masa.

Mai kula da sauti, kai ma ka fitar da ni kunya. Wajen gwaji kafin a buɗe ƙofa, duk abin da na danna a kibod ɗin aro sai ya ƙi yin shiru, sauti na hawa kan sauti, in na taka feda, abin takawar da ya kamata ya riƙe sauti, kuma sai ya ɗauke. Na ɗauka wani sabon ciwon ne. Ka sauko daga wurin miksa, ka juya fedar tawa, ka tura wani ɗan maɓalli da ke ƙasanta da farce, ka koma abinka ba ka ce uffan ba. Ashe fedar wani kamfani baibai take aiki a kibod ɗin wani. Kuma duk daren ina jin kaina sarai a lasifikar da ke gabana, wanda duk mai kibod ya san ba kullum ake samun wannan gatan ba.

'Yan ƙungiya, ku kam 'yan gida ne, amma sai na faɗa. Kun ƙara zaman rihazal saboda ni, ba wanda ya yi ƙorafi. Mai ganga, na roƙe ka kada ka yi gudu a “Take On Me”, don waƙar nan ta ƙungiyar a-ha ta 1985 ko a yadda take tana kusan bugu 170 a minti, ga madannan da hannuna bai saba da su ba. Ka riƙe ta daidai, duk da na ga ƙafarka tana ƙaiƙayi. Ƙanwata mawaƙiyarmu, ke kika raba gardamar “Superstition”. Mai jita yana son a ɗaga ta rabin mataki don ta zauna masa da sauƙi, ni kuma na ƙi, saboda Stevie Wonder a 1972 a kan baƙaƙen madannai ya gina ta da wani nau'in kibod da ake kira kilabinet, kuma yatsu suna tsalle a kansu ta hanyar da ba sa yi a farare. Kika ce muryarki a inda mai waƙar ya ajiye ta take so, magana ta ƙare. Mai jita ya sassauta tsirkiyoyinsa ya bi mu, yana ta ƙunƙuni. Na gode, yallaɓai, na san bashi ne, kuma za ka karɓa.

Uwargida, maman yara, kibod biyu suka mamaye miki falo, wayoyi ko'ina, layi ɗaya na waƙa ina ta nanatawa har tsakar dare. Ko da na sa abin kunne, ƙwanƙwasar madannai ba ta ɓuya. Ke kika liƙa mini takardu a jikin kibod ɗin, kowace waƙa da lambar sautinta da manyan haruffa, don kin san idona ba ya gani sosai a hasken dandamali. Allah ya saka miki da alheri, ya bar mu tare. Maƙwabta kuma, ina neman afuwa, na kuma gode da kawaici.

Sai ku da kuka zo. Da na ja bayan farcena a kan madannai don buɗe “Dancing Queen”, yadda Benny Andersson na ABBA ya buɗe ta a 1976, kafin mawaƙiya ta buɗe baki rabin zauren ya miƙe. Madannai masu nauyi ne, sai da fatar gefen yatsana ta ɗan saɓule, ban ma ji ba sai da aka tashi. Akwai wata baiwar Allah a layin gaba da ta rera kowane baiti tare da mu tun daga farko har ƙarshe, har inda mawaƙiyarmu ta ɗan yi jinkiri ita ba ta yi ba. Hajiya, ban san ki ba, amma duk mun gan ki, kuma in kina neman ƙungiya, ƙofa a buɗe take.

Waɗanda suka aiko da takarda suna neman waƙoƙin da ba mu yi ba, takardunku suna hannuna, za mu duba waɗanda za mu iya. Kibod ɗina yana wurin mai gyara, an yi odar allon, sai ya tashi za a san ko tsofaffin sautukana suna nan. Roƙo ɗaya ya rage: wayar da muka kafa don ɗaukar bidiyo ta cika ana tsakiyar wasa, saboda haka duk wanda ya ɗauki kashi na biyu, ko da waƙa ɗaya ce, don Allah ya turo mini. Baba bai samu zuwa ba saboda ciwon ƙafa, kuma ya ce lallai sai ya ga yadda aka yi da kayansa.