Masana'antar tumatir ta Kadawa: manufar kamfani da hanyar samun kayansa

A shekarar 2016 ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa da ke ƙaramar hukumar Garun Malam a Jihar Kano, wadda aka tsara za ta riƙa markaɗa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum. Ga dukkan alamu babu wurin da ya fi dacewa da ita, domin yankin yana shan ruwan madatsar Tiga, noman rani ya daɗe da kafuwa a can, kuma duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a watan Fabrairu ya ga yadda kwanduna suke jere har wasu su ruɓe ba a sami mai saye ba. Duk da haka masana'antar ba ta jima ba ta tsaya, aka sake buɗe ta a 2019, ta kuma tsayawa, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne ƙarancin tumatir.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan tsutsar nan da manoma suke kira Sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Ba na musun ɓarnar da ta yi. Amma a ganina matsalar ta riga tsutsar zuwa, domin abin da masana'antar take son cim ma daban, abin da aka gina noman tumatirin Kano a kansa kuma daban.

Manufar kamfanin ita ce ya maye gurbin markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigo da shi cikin durom-durom, galibi daga Sin, ana zuba shi a gwangwani da leda. Wanda zai yi gogayya da irin wannan kaya dole ne ya yi araha, kuma araha a wannan sana'a tana farawa ne daga gona, tunda sai an markaɗa kimanin kilo 6 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na mai kauri. Ke nan masana'anta tana bukatar tumatir mai tsoka wanda ba ruwa ne ya cika shi ba, a farashi mai sauƙi wanda ba ya hawa da sauka, kuma ya riƙa isowa kamar tirela 40 a kowace rana na tsawon watanni.

Manomin Kadawa kuwa lissafinsa yana kan kasuwar Mile 12 ta Legas. Gonarsa ƙarama ce, amfanin da yake samu a kowace kadada bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da manyan gonakin Sin ko Amurka, saboda haka ribarsa ta shekara tana cikin 'yan makonnin da kwando yake tsada. Idan kaya ya yi yawa farashi ya karye, zai yi murna da masana'anta. Da zarar farashi ya ɗaga, dillali zai same shi har bakin gona da kuɗi a hannu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin mai iyali da bashin taki a kansa ba zai sayar da arha alhali ga mai ba shi ninki ba. Sai dai sakamakon shi ne injina masu tsada suna aiki na ɗan lokaci, sauran shekara suna kwance, alhali albashi da kuɗin gyara ba sa jira. Ko harajin da gwamnatin tarayya ta ƙara wa tumatirin waje a 2017 bai haifar da kwando ɗaya a gona ba.

Abin lura shi ne wannan kamfani ya san yadda ake daidaita al'amarin a wani fannin. Masana'antar simintinsa ta Obajana a Jihar Kogi tana zaune ne kusa da dutsen da take sarrafawa, tana samar wa kanta lantarki, kuma dubban motocin kamfanin ne suke kai kaya har wurin dillalai. Dutse ba ya ruɓewa, ba ya kuma canza mai saye idan farashi ya tashi.

Daga baya kamfanin ya kafa gidan renon iri a Kadawa domin raba wa manoma dashe mai yawan amfani, kuma na ɗauki wannan a matsayin matakin da ya kamata a fara da shi tun kafin a sayo injin farko. Idan amfanin kadada ya ninka, manomi zai iya sayarwa da sauƙi ya kuma ci riba. Sai a haɗa da gonar kamfani ta kansa wadda za ta riƙe wani kaso na bukatar kullum, da yarjejeniyar da farashinta yake bin kasuwa maimakon a ƙayyade shi tun lokacin shuka, da biyan manomi kuɗinsa a ranar da ya sauke kaya.