Famfon lambu da hunturun Minnesota

Hunturuna na farko a jihar Minnesota ta Amurka na bar tiyo a maƙale da famfon lambu. Sai da sanyi ya lafa a watan Maris na kunna famfon, ruwa ya dinga ambaliya cikin bangon ɗakin ƙasa. Wallahi ranar hankalina ya tashi.

Mai gyaran famfo ya nuna mini inda bututun ya tsage. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, tiyon kuma ya hana ragowar ruwan tsiyayewa. Yanzu tun Oktoba nake cire tiyo, in rufe makullin ruwan daga cikin gida, in buɗe famfon waje ya zube tas.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani bayanin da ya ƙara. Idan bakin tiyo yana cikin bokitin maganin ƙwari, ƙarfin ruwan gari kuma ya faɗi, bututu zai zuƙo dattin ya koma cikin ruwan da yarana suke sha. A ranar na sa ya ɗaura ɗan abin da ke hana ruwa komawa baya a bakin famfon.