Faci a tsakiyar baiti

A makon jiya wani mawaƙi ya rera waƙa mai baiti shida a ƙaramin ɗakin da nake ɗaukar sauti, ya kai ta ƙarshe da murya mai daɗi, sai dai a ɗango na uku na baiti na huɗu numfashinsa ya gaza, ya haɗiye gaɓar ƙarshe ta kalma. Ya nemi a sake ɗaukar waƙar tun daga farko, ni kuwa ban yarda ba, domin kuzarin da mutum yake shiga da shi a ɗaukar farko ba kasafai yake dawowa ba. Na ce masa faci za mu yi wa wurin, wato mu sake ɗaukar wannan ɗangon kaɗai mu ɗinke shi a cikin waƙar.

A manhajar Cubase, wadda da ita nake aiki, ana kafa alama a inda ɗauka za ta soma da inda za ta tsaya, sannan a sa kiɗan ya taso tun kafin wurin, yadda mawaƙi zai ji muryarsa ta ɗazu ya bi ta, manhajar kuma ta buɗe ɗauka da kanta idan an iso alamar. Audacity ma, wadda kyauta ake samun ta, ta shigo da irin wannan dabara a shekarar 2018, kuma takan koma baya daƙiƙa 5 kafin ta fara ɗauka. A zamanin tef, mai ɗaukar sauti da yatsansa yake danna maɓalli, kuma sabuwar murya tana hawa ne ta shafe tsohuwa har abada, saboda haka idan ya makara wajen fita ya cinye farkon ɗango na gaba. Yau a Cubase tsohuwar ɗauka tana nan kwance ƙarƙashin sabuwa.

Wannan sauƙin ne, a ganina, yake sa wasu sakaci, har ka ji waƙa ka iya nuna inda aka ɗinke ta. Manhaja tana haɗa sauti biyu, amma daidaita su aikin kunne ne. Ba na taɓa yanka a tsakiyar dogon wasali, domin muryar da aka ja ba ta komawa daidai inda take, kuma a Hausa, inda tsawon wasali da karin sauti suke bambanta ma'ana, ɗan tsalle kaɗan ya isa ya jirkita kalma. Nakan nemi inda mawaƙi ya ja numfashi in shiga kafinsa, don numfashin ya zama na sabuwar ɗauka. Idan babu numfashi kusa, akwai ɗan shiru da yake zuwa gab da baƙaƙe irin su k, t da ƙ, lokacin da harshe ya tare iska, kuma ɗinki yana ɓuya sosai a nan, musamman idan aka narkar da bakin sautin biyu cikin juna na kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa.

Sai kuma tazara tsakanin baki da makirufo. Irin makirufon da muke ɗaukar murya da shi yana ƙara wa murya kauri idan aka matso shi, don haka na manna alama a ƙasa inda ƙafafun mawaƙin suke, na kuma hana kowa taɓa maɓallin ƙarfin sauti. Ban bari aka ɗage aikin zuwa washegari ba, saboda muryar safe dabam take da ta yamma, ga shi kuma idan aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, gurnaninsa zai shiga facin alhali babu shi a sauran waƙar.

Na roƙi mawaƙin ya fara rerawa tun daga ɗango na biyu ya zarce har na huɗu, ko da yake na uku kaɗai ake ɗauka, domin wanda ya tsaya yana jiran alama yakan faɗo wa kalmar farko da ƙarfi fiye da kima. Sau uku muka gwada, na zaɓi ta biyu, wadda a cikinta gaɓar da ta ɓace ta fito cikakkiya kuma numfashinsa ya kai shi har bakin amshi.