Abin da faifan Erik Satie suka koya mini a sashen kiɗa

Yanzu da kwantiragina ya ƙare a sashen kiɗa na ɗakin karatun garin da nake karatu a Faransa, na ga ya dace in rubuta abin da ya faru game da faifan Erik Satie, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, domin 'yan uwa ɗalibai da muka yi aikin wucin gadi tare sun ji labarin gutsi-gutsi, wasu kuma daga baki ɗaya kawai suka ji shi. Ba zan ambaci sunan wurin ko na shugabar sashen ba, waɗanda suka sani sun sani.

A shekarar 2025 Satie ya cika shekara ɗari da rasuwa, domin ya mutu ne ranar 1 ga Yuli, 1925, bayan an haife shi a Honfleur a 1866. A wannan shekarar ce kuma aka umarci sashenmu ya rage faifai, saboda yawancin mutane sun koma sauraron kiɗa ta intanet. Muna da kiɗan piyano na Satie daga hannu daban-daban: ɗauka biyu na Aldo Ciccolini, da na Jean-Joël Barbier, da akwatin Jean-Yves Thibaudet mai faifai biyar da kamfanin Decca ya fitar a 2003, da na Noriko Ogawa, sai kuma tsofaffin faifan garmaho na Reinbert de Leeuw. Shugabar sashen ta yanke hukunci a tsaye, ba tare da ta buɗe ko ɗaya ba, cewa a ajiye na Thibaudet a fitar da sauran, tunda a ganinta kiɗan ɗaya ne aka maimaita.

Da na fara cire su daga rajista sai na lura jerin abubuwan da ke bayan kowane akwati bai yi daidai da na ɗan uwansa ba, sai na riƙa ɗaukar su gida da dare ina saurara ina rubutawa. Dalilin bambancin yana cikin tarihin mutumin kansa. Satie ya zauna shekara 27 a ɗaki ɗaya a Arcueil, kudu da Paris, kuma babu abokin da ya shiga ɗakin sai bayan mutuwarsa, inda aka tarar da tarin takardu da ƙananan littattafai cike da kiɗan da ba a taɓa bugawa ba. Cikin gajerun kiɗansa na piyano da ake kira Gnossienne, ta 4 da ta 5 da ta 6 ba su fito ba sai a 1968, ta hannun Robert Caby, wanda ya fitar da guntaye da yawa daga waɗannan takardu. Akwai kuma aikin gida da ya yi lokacin da ya koma makaranta, Schola Cantorum, a 1905 yana ɗan shekara 39. Saboda haka duk makaɗin da ya ce zai ɗauki kiɗan Satie baki ɗaya dole ne ya zaɓi inda zai tsaya: ko ya sa guntayen da mai su bai ƙarasa ba, ko ya sa aikin makaranta, ko ya sa kiɗan hannu huɗu da na gidajen shaƙatawar unguwar Montmartre ta Paris inda ya yi neman abinci. Hatta Vexations, wadda shafi ɗaya ce da aka rubuta a kanta a maimaita sau 840, wadda mai tsara kiɗa ɗan Amurka John Cage da abokansa suka shafe fiye da awa 18 suna kaɗawa a New York a 1963, kowane makaɗi shi yake yanke wa kansa sau nawa zai maimaita ta a faifai, ko ma ya bar ta.

Bambancin da ya fi wannan girma yana cikin kaɗawar. Gnossienne ukun farko ba su da layukan da ke raba kiɗa gida-gida, kuma Satie yakan rubuta wa makaɗi umarni irin nasa, kamar ya ce masa ya buɗe kansa, ko, a Embryons desséchés na 1913, ya kaɗa kamar tsuntsu mai ciwon haƙori. Wannan ya bar wa makaɗi nauyi mai yawa. Ciccolini, ɗan Napoli da ya zama ɗan Faransa, wanda faifansa na shekarun 1960 suka dawo da sunan Satie cikin gidajen mutane, yana kaɗa kiɗan Satie mai suna Gymnopédie ta farko da tafiya mai sauƙi da haske, kamar abin da za a iya takawa. De Leeuw, ɗan Holan, wanda ya ɗauki ayyukan ƙuruciyar Satie a ƙarshen shekarun 1970, yana jan ta har ta kusa ninka wancan lokaci, yana barin kowane sauti ya mutu kafin ya taɓa na gaba, har mai sauraro ya fara jin shirun da ke tsakani a matsayin wani ɓangare na kiɗan. Ogawa kuwa ta yi nata a kan piyano ƙirar Érard na 1890, wanda igiyoyinsa a jere suke ba su giccine juna ba, don haka ƙasan sautin ba ya cika ɗaki, kuma hannun hagu yana fitowa sarai yadda piyanon zamani ba ya bari. Kama da wane ba wane ba ne, kuma wanda ya saurari ukun a jere ba zai ƙara cewa abu ɗaya ne ba.

Na haɗa duk wannan a jadawali, kowane kiɗa da layinsa, kowane makaɗi da gurbinsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da wani ya sa wani ya bari. Na kai wa shugabar sashen a ofis na ce, "Madam, ina roƙon ki duba wannan kafin a fitar da faifan, musamman na de Leeuw da na Barbier, domin samun irinsu zai yi wuya." Ta karɓi takardar ta ajiye a ƙarƙashin kofin shayinta, ta ce an ɗauke ni ne in liƙa lamba in jera kanta, sannan ta tambaye ni ko a ƙasarmu ma ana jin irin wannan kiɗan. Na amsa mata da ladabi cewa ni dai na ji, kuma abin da na ji ne na rubuta. Ta ce Satie mai barkwanci ne kawai, akwati ɗaya ya ishe shi. Wannan magana ta fi wadda ta faɗa a kaina yi mini ciwo, domin duk wanda ya saurari Nocturnes ɗinsa biyar na 1919 ya san babu wasa ko ɗaya a cikinsu, kiɗan dattijo ne da ya gaji da sa mutane dariya.

Ni aka sa na buga wa faifan hatimin cirewa. Na tuna kwalin faifan de Leeuw, gefensa ya ɗan lanƙwashe, a cikinsa akwai katin aro na da mai ɗauke da kwanakin da aka yi ta fita da shi tun kafin a haife ni. An sayar da su ranar gwanjon shekara, kowanne Yuro ɗaya, tare da tsofaffin littattafan girki. Bayan 'yan makonni wata tsohuwar malamar piyano, wadda takan aiko ɗalibanta su kwatanta kaɗawar mutum biyu, ta zo neman su, kuma ni na tsaya a gabanta na faɗa mata babu.

Da ranar tunawa da cikar Satie shekara ɗari da rasuwa ta matso, darektan ɗakin karatun ya nemi sashenmu ya fitar da 'yar takardar jagora ga masu aro. Abin da aka buga aka ajiye a bakin ƙofa jadawalina ne, da tsarinsa da jimlolina, hatta bayanin da na yi a kan piyanon Érard, sai dai an goge layukan faifan da aka sayar, kuma sunan shugabar sashen ne a ƙasa. A taron ma'aikata darekta ya yaba mata a gabana, ita kuma ta karɓi yabon ba ta ko dubi inda nake ba. Abokan aiki biyu da suka ga ina haɗa jadawalin sun sunkuyar da kai, kuma ban zarge su ba, domin su ma kwantiraginsu a hannunta yake.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Duk aikin da ka yi da kanka, ka aika shi ta imel da kwanan wata, kada ka miƙa takarda hannu da hannu. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a gaban akwati sai ka juya bayansa. Tsofaffin masu aro sun fi rajista sanin abin da ke da daraja a kanta, a tambaye su kafin a fitar da komai.

Jadawalin yana nan a kwamfutata, har na ƙara masa faifan Nicolas Horvath, wanda ya bi sabon bugun da Robert Orledge ya gyara, ya kuma kaɗa wasu a kan Érard na 1881 da ya taɓa zama na Cosima Wagner, matar mai tsara kiɗa Richard Wagner. Na ba malamar piyanon kwafi cikakke, da layukan da aka goge, kuma da shi take koyarwa yanzu. A takardar shaidar da shugabar ta rubuta mini ta ce ina zuwa aiki a kan lokaci kuma ina da natsuwa. Maganar sunana da aka cire na bar ta, amma faifan da aka sayar ba tare da an saurare su ba, har yau ban yafe ba.