Kaluluwar da Hannu Ba Ya Kai Mata

Kafin in fara karatun likita, kaluluwar da na sani ita ce mai fitowa a matsematsi ko a hammata idan mutum ya ji ciwo a ƙafa ko a hannu. Ana taɓa ta, ana jin zafinta. Sai ranar da muka buɗe ƙirjin gawa a ajin sanin sassan jiki, malaminmu ya sa hantsaki ya ɗaga bututun iska, ya ce in duba daidai inda ya rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu. Ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle nan baƙi ƙirin kamar gawayi, ba su kai kan ɗan yatsa ba. Na ɗauka ruɓewa ce. Ya ce a'a, kaluluwar ƙirji ce, ƙura da hayaƙin da mutumin ya shaƙa tsawon rayuwarsa ne suka tace suka riƙe.

Duk da haka, haddar jarrabawa na yi musu. Taswirar kaluluwar ƙirji da aka fitar a 2009 ta kasa su zango 14: na 7 a ƙarƙashin mararrabar bututun, na 4 a gefensa, na 10 a ƙofar huhu. Na zuba a takarda, na wuce.

Wani dattijo ne ya dawo da ni kansu, lokacin da na fara zagayen ɗakin majinyata. Muryarsa ta dushe wata biyu, ya sha maganin mura har ya gaji. Ni ma maƙogwaro na tsaya ina leƙe. Babbar likitar da nake bi ta ce, "Yaro, ka tuna ta ina jijiyar murya ta hagu take bi?" Nan take na ji gabana ya faɗi. Jijiyar tana gangarowa har cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, sannan ta koma sama. A wannan lungun akwai kaluluwa, zango na 5. Idan ta kumbura ta danne jijiyar, ɓangaren hagu na maƙogwaro ya daina motsi. Hoton ƙirji ya nuna kansar huhu. Har yau ina jin nauyin kwanakin da ya ɓata.

A yara kuwa tarin fuka ya fi yi mana wannan ɓuyan. Tabon da ke cikin huhu kan zama ƙarami, kaluluwar ƙofar huhu ce ke kumbura, abin da wani likitan Austriya, Anton Ghon, ya bayyana tun 1912. Bututun yaro siriri ne mai laushi, da an matse shi sai numfashi ya riƙa fito, a yi ta ba shi maganin asma ba sauƙi.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yadda wurin kaluluwar ke sauya magani baki ɗaya. Cutar kansa in ta tsaya a ta ƙofar huhun da ya kamu, sau da yawa tiyata na yiwuwa. In ta tsallaka zuwa ɗaya gefen, maganar ta koma ta ƙarin ruwan magani da gashin na'ura. Shi ya sa ba a yanke hukunci da girmanta a hoto kawai, don tarin fuka ma kan kumbura ta haka. Ana zura na'ura mai kyamara ta bututun iska, a hango kaluluwar ta bayan bangonsa da hoton sauti, a soka allura a ɗebo kaɗan a kai ɗakin gwaji. Ranar da na fara tsayawa a wannan aikin, zango na 7 aka nufa, kuma ni aka ce in nuna shi a allon.